Imel da sunan kanti, lambobin waya da ɗan shafi: a biya ko a tsaya ga na kyauta?

MaiAya_Sabongari:
Assalamu alaikum, barkanku da warhaka. Shawara nake nema wurin masana. Kanti ne na aya da riɗi da wake a Maraɗi, mutum uku ke amsa saƙo: mai gida, mai lissafi, da yaron da ke kai da kawo tsakanin nan da Ɗan Isa. Ana son imel mai ɗauke da sunan kantin, ba na Gmail ba. Ana son lambobin abokan ciniki da ranakun lodi su zama iri ɗaya a salula da kwamfuta. Sai ɗan shafin intanet mai hoton kaya da lambar waya. An kawo maganar Google Workspace, wani kuma ya ce Fastmail ya haɗa duka ukun a kuɗi ɗaya. Ya cancanci a biya? In ya cancanta, wanne?

Injiniya_Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zaɓi kamfani, a raba abin gida biyu, domin nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwai sunan da ke bayan alamar @, shi ake kira domen. Akwai kuma kamfanin da ke riƙe maka wasiƙu da shafi. Domen kamar takardar fili ne, kamfanin kuwa ɗan haya ne da za ka iya sallama. Ka sayi domen ɗin dabam, da sunan mai gida, da katin mai gida. Na .com yakan kama dala 10 zuwa 15 a shekara. In domen na hannunka, duk ranar da kamfanin imel ya ƙara kuɗi ko ya rufe, layi biyu ko uku za ka canza, adireshin da ke kan buhu da faktir bai motsa ba.

Bagobiri227:
Dala 15 a shekara? Ai ko katin waya bai saya ba.

Injiniya_Zariya:
Dalar Amurka nake nufi ɗan uwa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Don sauƙin lissafi mu ɗauke ta a sefa 600. Kenan jika shida zuwa tara a shekara.

Hajiya_MaiLissafi:
Bari in ɗora lissafin a kan wannan 600 ɗin. Ƙaramin tsarin Google Workspace na kusan dalar Amurka 7 ga kowane mutum a wata in an ɗaure shekara, da wurin ajiya giga 30. Mutum uku: 7 sau 3 sau 12, dala 252, wato kusan sefa 151,000. Fastmail na tsakanin 5 da 6 ga mutum, sai a ce jika 108 zuwa 130. Zoho Mail na da ƙaramin tsari na kusan dala 1 ga mutum, mutum uku a shekara bai wuce jika 22 ba. A kan kowanne sai ka ƙara kuɗin domen da abin da banki ke cira na canji. Tazara tsakanin 22 da 151 ba ƙarama ba ce, don haka a tambayi kai, me ke cikin na tsadar da kantin zai yi aiki da shi kullum?

DanTasawa:
Ni fa ban ga dalilin kashe ko tamma ba. Cinikin Maraɗi duk a WhatsApp yake. WhatsApp Business na ba ka jerin kaya har 500 da hoto da farashi, kyauta. Wa ke buɗe imel a babbar kasuwa?

Hajiya_MaiLissafi:
Ƙanena, mai sayen tiya biyar ba ya buɗe imel, gaskiyarka. Amma mai sayen kwantena na buɗewa. Ayar yankin nan har Ispaniya take zuwa, can ake yin kunun aya da ita a Balensiya. Irin wannan mai saye zai nemi proforma (takardar farashi kafin a saya), takardar awon kaya, bayanin banki, duk ta imel, kuma ofishinsa na duba daga wane adireshi takardar ta fito. Bayanin asusun banki da ya zo daga adireshin Gmail mai lambobi a ƙarshe, kowa na iya buɗe makamancinsa cikin minti biyar ya sauya harafi ɗaya. Haka ake karkatar da kuɗin mutane. WhatsApp na nan a wurinsa, amma bai maye gurbin wannan ba.

Dalibi_DanDikko:
Zoho na da na kyauta ma, mutum biyar, giga 5 kowanne, da domen ɗinka. Sai a saka shi a manhajar Gmail ta waya, shi ke nan.

Sani_Rezo:
Rabin farko daidai ne, rabin ƙarshe akwai gyara. Na kyautar ba ya ba da IMAP ko POP, wato hanyoyin da wata manhaja ke bi ta ɗauko wasiƙa, saboda haka ba zai shiga manhajar Gmail ko Outlook ko Thunderbird ba. Sai ta shafinsu ko manhajarsu kawai. Wannan na da nauyi fiye da yadda ake zato, domin IMAP ne ƙofar da ake kwashe wasiƙu ranar ƙaura. In za a bi Zoho, a biya ɗan kuɗin nan a samu ƙofar.

Tunda an zo nan, bambancin biyun: POP na sauko da wasiƙa cikin na'ura ɗaya, sau da yawa ya goge ta daga saba, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da wasiƙu. Mai lissafi ya buɗe kwamfuta da safe, wasiƙar ta ɓace daga wayar mai gida. IMAP na barin komai a saba, kowace na'ura na kallon abu ɗaya. Ga mutum uku, IMAP kawai: ƙofa 993 ta karɓa, 465 ko 587 ta aikawa.

Dalibi_DanDikko:
Na gode Yaya Sani, na karɓi gyara.

Kanta_Madarunfa:
Dole ne a biya akwati uku? A Workspace akwati ɗaya na ɗaukar laƙabi har 30. A yi ciniki@, lissafi@, lodi@, duk su zuba wuri ɗaya. Kuɗi ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Injiniya_Zariya:
Yana yiwuwa, amma a san abin da aka saya. Akwati ɗaya kalmar sirri ɗaya ce. Yaron da ke hanya zai ga wasiƙun banki. In wayarsa ta faɗi a tasha, duk akwatin ne a buɗe. In ya bar aiki, sai kowa ya canza kalmar sirri a kowace na'ura. Kuma lambar tabbatarwa waya ɗaya take zuwa, mai gida na masallaci mai lissafi na jira. Tsakiya ita ce akwati biyu: na mai gida shi kaɗai, da na aiki wanda mai lissafi da yaro ke rabawa.

MaiAya_Sabongari:
Madalla. Akwati biyun ya kwanta mani. To maganar lambobin waya fa? Ita ta fi damun mai gida.

Sani_Rezo:
Nan ne nau'in wayoyinku zai yanke hukunci. In duka Android ne, Tecno, Infinix, Samsung, lambobi da kalanda na Google na cikin wayar tun daga kamfani, ba abin da za a ƙara. Fastmail da irinsa na aiki da CardDAV don lambobi, CalDAV don kalanda. iPhone ya san su da kansa. Android bai sani ba, sai an saka manhajar DAVx5, a kuma cire ta daga cikin waɗanda wayar ke kashewa don tattalin batir. In ba a yi haka ba, sai ta yi shiru mako guda, lambar da aka ƙara a kwamfuta ba ta iso waya ba, ba kuma saƙon kuskure. Fastmail kuma ba ya karɓar babbar kalmar sirrinka a wata manhaja, sai ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman ga kowace na'ura. Wannan alheri ne: waya ta ɓata, ka soke tata kawai.

Kafin a haɗa komai a yi shara. A kowace waya a duba inda lambobi ke zaune, wasu na cikin SIM, wasu cikin waya, wasu cikin asusu. A fitar da su duka zuwa fayil na vcf (fayil ɗin ajiye lambobin waya), a ajiye kwafi, sannan a zuba su asusu ɗaya a haɗe masu maimaituwa. Kowace lamba a rubuta ta da +227 ko +234 a gaba. Lamba takwas tsirara na aiki a Maraɗi, amma da yaro ya tsallaka Jibiya ya sa layin can, ba za ta shiga ba. A ƙarshe a saita wayar ta riƙa ajiye sabuwar lamba a asusun, ba a SIM ba.

Malama_Bagalam:
Ina so in ja kunne a kan abu ɗaya da ba a faɗa ba. Daidaita bayanai ba ajiya ba ne. Abin da ka goge a waya, an goge shi a kwamfuta da saba a lokaci guda. Yaro ya ga lambobi 400 da bai sani ba ya share don wuri, mai gida ya tashi babu su. Google na ba da kwana 30 a mayar da lambobi yadda suke, kwandon sharar Gmail ma kwana 30 ne. Bayan nan babu. Don haka farkon kowane wata a fitar da vcf ɗaya, a sa a filashi na USB da ke cikin durowa. Wasiƙu kuma a bar Thunderbird a kwamfutar kanti ya riƙa sauko da cikakken kwafi a kuma ajiye shi dabam, ko a yi Google Takeout (hanyar Google ta sauke bayananka) duk wata uku, yana ba da wasiƙun a fayil na mbox.

Bagobiri227:
To ku da kuka sani, mi ya sa forfe ke ƙarewa da an kunna wannan daidaitawar?

Malama_Bagalam:
Ba lambobi ko kalanda ke ci ba, su ƴan kilo ne. Hotuna ne da bidiyo. Hoton waya ɗaya mega 3 zuwa 5 ne, bidiyon lodi na minti biyu na iya wuce mega 100. A shiga saitin hotuna a hana su hawa da datar waya, sai da wifi. A manhajar Gmail kuma akwai adadin kwanakin wasiƙa da take riƙewa a waya, tana zuwa a kan 30, a mayar da shi 7, a kashe saukar da maƙale kai tsaye. Wani abin kuma: tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta Android na cin cikin giga 15 na kyautar Google. In ya cika, wasiƙa ba ta shigowa, mai aikowa ne ke ganin ta dawo masa. Da yawa masu cewa imel ɗinsu ya lalace, wannan ne.

DanTasawa:
Wannan na giga 15 ban san shi ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da shafin. Kanti bai buƙatar shafi mai tsada.

Injiniya_Zariya:
A nan muna tare da kai. Shafin da Alhaji ya kwatanta ba ya motsi: suna, hoton kaya, nauyin buhu, lokacin da kowane kaya ke samuwa, lambar waya, maɓallin WhatsApp. Irin wannan ba ya buƙatar WordPress, manhajar gina shafi. Fastmail na bari ka sa fayilolin shafi a ma'ajiyarsa ka buga su a domen ɗinka, amma shafi tsayayye kawai, babu PHP babu rumbun bayanai. Google Sites na yin haka ba tare da rubuta komai ba. GitHub Pages da Cloudflare Pages kyauta ne ga wanda ya iya HTML. Saboda haka kada shafin ya zama dalilin zaɓen kamfanin imel. Shi ne mafi arha cikin ukun.

Abin da ke kashe shafi a nan nauyi ne. A rage kowane hoto zuwa faɗin 1200, nauyi kilo 150 zuwa 200, duk shafin farko kada ya wuce mega ɗaya. A gwada shi a waya a inda rezo ke da sanda biyu, ba a wifin ofis ba.

Dalibi_DanDikko:
Akwai masu saida masauki, wato wurin ajiye shafi a intanet, mai allon gudanarwa na cPanel, shafi da imel marar iyaka, da arha sosai. Me ya hana?

Sani_Rezo:
Abu uku. Na farko, farashin da ka gani na shekarar farko ne, na sabuntawa yakan ninka, a karanta ƙananan rubutun. Na biyu, kana raba adireshin IP ɗaya, wato lambar saba a intanet, da ɗaruruwan mutane. Ɗaya ya aika tarkacen talla, a sa adireshin a baƙin jeri, proformarka ta faɗa spam ɗin mai saye ba ka sani ba. Na uku, WordPress da ba a sabunta shi na zama ƙofar ɓarayi, kuma shafi da imel na gida ɗaya, in ɗaya ya kamu ɗayan ya bi. Ga kantin da wasiƙa ɗaya ke iya zama cinikin miliyoyi, ban ba da shawarar imel ɗin cPanel ba.

Alhaji_AliDanSofo:
Ku tuna da MobileMe na Apple. Dalar Amurka 99 a shekara, imel da daidaita lambobi da kalanda da masaukin shafi, daidai abin da ake tambaya a nan. Ranar 30 ga Yuni 2012 aka rufe shi. Imel da lambobi sun koma iCloud, amma masaukin shafi da ɗakin hotuna da iDisk ba su bi ba. Wanda shafinsa ke kan adireshin Apple ya rasa adireshin, wanda ke da domen nasa ya ɗauke fayiloli ya kai wani wuri. Google ma ya saida sashen domen ɗinsa ga Squarespace a 2023. In manyan nan na sauya hanya, ba a gina gida a kan sunan wani.

Kanta_Madarunfa:
iCloud+ ɗin yanzu ma na karɓar domen naka, giga 50 a ƙasa da dala ɗaya a wata. Microsoft 365 na iyali ma haka.

Injiniya_Zariya:
Na iCloud+ gaskiya ne, amma na gidan da kowa ke riƙe da iPhone ne, kuma babu masaukin shafi. Na Microsoft ya wuce: tun 30 ga Nuwamba 2023 ba a ƙirƙirar sabon adireshi mai domen naka a tsarin mutum ɗaya ko na iyali, sai a tsarin kasuwanci.

Hajiya_MaiLissafi:
Mu dawo kan biya, domin a Maraɗi nan ne abin ke tsayawa. Kamfanonin nan ba su karɓar Airtel Money ko Nita, sai katin Visa ko Mastercard. Katin da ake zuba wa kuɗi na banki na yi, da sharaɗi uku: an buɗe masa sayayya ta intanet, lambar wayar da banki ke turo wa lambar tabbatarwa na hannun mai gida, kuma akwai rarar kuɗi sama da farashin saboda canji. Ranar sabuntawa in katin babu kuɗi ko wa'adinsa ya ƙare, biya ya faɗi, bayan ƴan gargaɗi a dakatar da akwatin. A biya shekara guda, a rubuta ranar a kalanda da tunatarwa wata ɗaya kafin lokaci. Domen kuwa ana iya biyansa har shekara 10 gaba. A biya uku ko biyar a huta. In .com ya mutu akwai ɗan lokacin rangwame, sai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya saya.

Malama_Bagalam:
Ƙari a kan na Hajiya: adireshin da aka yi rajistar domen da shi kada ya zama na domen ɗin kansa. In domen ya mutu, imel ya mutu, saƙon ceto kuma can za a aika shi. A bar tsohon Gmail ɗin don wannan aikin, a riƙa shiga lokaci lokaci, domin Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Lambobin ceto guda 10 da Google ke bayarwa a buga su a takarda a ajiye tare da takardun kanti. In wani yaro ne zai yi aikin saitawa, a zauna tare da shi a ga sunan mai gida a wurin mai mallaka kafin a biya shi ladansa.

Bagobiri227:
Mi zai hana a ɗauki .ne tunda namu ne na Nijar?

Sani_Rezo:
Ba laifi, yana nuna inda kaya suka fito. Sai dai in ana karanta adireshi a waya, da yawa na jin .ne su rubuta .net. In an ɗauke shi a rubuta shi a saƙo, kada a dogara da baki. Ko wanne aka zaɓa, sunan ya zama gajere, babu ƙ, ɗ, ɓ, babu alamar ('), babu karan ɗori (-) tsakanin kalmomi. Mai saye a waje ba shi da waɗannan haruffa a allon rubutunsa. A cikin shafin kuwa a rubuta Hausa da ƙugiyoyinta, UTF-8 na ɗaukar su.

MaiAya_Sabongari:
Allah ya saka. In an zaɓa, mene ne matakan ranar kunnawa? Kada wasiƙa ta ɓata a tsakani.

Injiniya_Zariya:
Ka fara da gwaji, Workspace na ba da kwana 14, Fastmail 30. A shafin da ka sayi domen akwai wurin DNS, inda ake rubuta layukan saitin domen. Kamfanin imel zai ba ka layin TXT na shaida cewa domen naka ne, ka manna shi. Ka ƙirƙiri akwatunan tukuna, sannan ka sa MX, shi ke nuna inda wasiƙa za ta sauka. Na Google yanzu layi ɗaya ne, smtp.google.com da fifiko 1. Ka goge duk wani MX da mai saida domen ya sa da kansa, in ba haka ba wasiƙu su rabu gida biyu.

Sai layuka uku na shaidar aikawa. SPF: na Google shi ne v=spf1 include:_spf.google.com ~all. Layin SPF ɗaya tak ake yarda da shi, in akwai biyu duka sun ɓaci, sai a haɗe su. DKIM: ka ƙirƙiro mabuɗin a shafin gudanarwa, ka manna, ka dawo ka danna kunnawa, wannan dannawar ta ƙarshe ita ake yawan mantawa. DMARC: ka fara da p=none, in komai ya zauna bayan ƴan makonni ka tsaurara. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo ke matsa wa wasiƙar da ba ta da SPF ko DKIM, saboda haka wannan ba ado ba ne.

Gwajin ƙarshe: ka aika wasiƙa zuwa wani Gmail, ka buɗe ta a kwamfuta, ka zaɓi Afficher l'original. Ka ga PASS a gaban ukun. Tsohon Gmail ɗin a sa shi ya riƙa turo wasiƙu zuwa sabon, aƙalla wata shida.

Kanta_Madarunfa:
Kalandar ma a duba lokacinta na kan Yamai. Mu ba mu canza agogo, Ispaniya da Faransa na canzawa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni muna daidai. In an sa alƙawarin kira ta gayyatar kalanda, ita ke yin lissafin.

DanTasawa:
To ni dai abin da na ɗauka: domen a saya, wannan na yarda. Amma ga kantin da bai fara samun mai saye daga waje ba, Cloudflare na tura wasiƙar da ta zo domen ɗinka zuwa Gmail kyauta. A fara da wannan.

Sani_Rezo:
Yana karɓa, amma amsar za ta fita da adireshin Gmail sai in an haɗa wata sabar aikawa dabam, kuma nan ne DKIM ke rikicewa. Ga kantin Alhaji da wayoyin Android, ni Workspace akwati biyu zan ce, kusan jika 100 a shekara.

Hajiya_MaiLissafi:
Ni kuma Zoho na biya zan ce, a bar lambobi da kalanda a asusun Google na kyauta guda ɗaya da aka buɗe da sunan kantin. Jika 15 da kuɗin domen. In ciniki ya buɗe a ƙaura, tunda IMAP na nan.

MaiAya_Sabongari:
Zan kai wa mai gida lissafin biyun. Wayoyin biyu Tecno ne, ta mai gida iPhone ce. Yaya Sani, lambobin Google na shiga iPhone ba tare da wata manhaja ba?

Sani_Rezo:
Suna shiga. A saitin wayar a ƙara asusun Google, a kunna lambobi da kalanda. Sannan a saitin lambobi a mayar da asusun farko ya zama Gmail, in ba haka ba duk sabuwar lambar da mai gida ya ajiye iCloud za ta tafi, masu Tecno ba za su gan ta ba.